Canja tamostat a tsohuwar mota da gane ainihin zafin inji

Da bazara ta kama a Birnin Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, kuma lokacin ne allurar zafi ke fara hawa a tsoffin Golf da Corolla da Carina, musamman a doguwar tafiya irin ta Jega zuwa Yawuri. Maganin da aka fi yi a gareji shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai ai kayan ƙasar sanyi ne. Wannan gyaran ganganci ne. Idan tamostat ya mutu, sabo ake sawa.

Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai kakin da ke kumbura idan ya ji zafi, ya tura ƙofar ta buɗe. Da safe a rufe yake, don ruwa ya riƙa zagaye cikin inji har ya yi ɗumi da wuri. Digirin da yake buɗewa a rubuce yake a jikinsa: 82 a yawancin tsoffin Toyota, 87 a Golf. Idan babu shi, a safiyar hunturu inji ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, kwamfutar mota ta ci gaba da zuba fetur da yawa, fulogi ya yi baƙi, baƙin mai ya gurɓace da wuri. Akwai kuma abin da ba a cika sani ba. Wasu tamostat suna da faifai na biyu a gindinsu, wanda ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka cire irin wannan, hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan ya riƙa kauce wa lagireto, motar da ake son ta huce ta ƙara zafi.

Kafin ka kwance komai, tabbatar shi ne mai laifin. Tayar da mota da safe tana sanyi, ka naɗe hannun riga saboda fanka da bel, ka dafa babban tiyon sama na lagireto. Idan tamostat lafiya yake, tiyon zai daɗe bai yi wani zafi ba, sai allura ta kusa tsakiya ya ɗauki zafi lokaci guda. Idan tun farko yake ɗumama a hankali, kuma allura ba ta tashi daga ƙasa ko kana gudu a titi, ya maƙale a buɗe. Idan kuwa allura ta wuce tsakiya amma jikin lagireto da tiyon ƙasa suna sanyi, ya maƙale a rufe. Kashe motar nan take, wannan ne ke ƙona gasket ɗin tof silinda.

Ka tanadi sabon tamostat mai digiri ɗaya da na asali, da robarsa ko gasket ɗinsa, sifana da soket lamba 10 da 12, filaya, sukudireba, roba mai faɗi ta tarar ruwa, da ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman da ake zubawa a lagireto. Ƙaramar mota takan ci lita 5 zuwa 6. Idan ka ciro tsohon tamostat ɗin, tafi da shi wurin mai sayar da kayan gyara ka jera su, faɗi da tsawo da faifan gindi su zo ɗaya.

Sabon ma a gwada shi, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Rataye shi da waya cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindinta, ka ɗora a wuta da ma'aunin zafi a ciki. Na 82 zai fara buɗewa tsakanin 80 da 84, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe kamar milimita 8. Ka tsamo shi, yana hucewa ya koma ya rufe ruf. Wanda ya bar 'yar kafa da za ka hango haske ta cikinta, mayar wa mai shi.

Sai inji ya huce sarai ake fara aiki. Murfin lagireto mai zafi ya sha ƙona fuskar mutane. Buɗe murfin, ka sassauta mazubar da ke gindin lagireto, ko ka zare tiyon ƙasa, ruwan ya zuba a roba. Kada ka bar shi a buɗe a tsakar gida, yana da zaƙi kuma guba ne, akuya ko yaro na iya sha. Bi babban tiyo har inda ya shiga inji, nan gidan tamostat yake. A wasu motoci a ƙarshen tiyon sama yake, a Corolla da Golf kuwa ta wajen tiyon ƙasa ne, na Golf ma a gindin famfon ruwa, inda famfon sitiyari kan tare hanya sai an matsar da shi. Kwance noti biyu ko uku, ka lura da yadda tsohon ya zauna kafin ka zare shi. Kankare ragowar gasket a hankali, ba tare da ka ƙwarzane alminiyon ba.

A wajen sakawa aka fi yin kuskure. Ɓangaren da ke da sifirin shi ke shiga cikin inji, domin nan kakin yake. Ka juya shi, ba zai ji zafi ba balle ya buɗe. Idan akwai ɗan rami mai 'yar ƙwayar ƙarfe a gefen faifan, ya kalli sama, ta nan iska ke fita. Inda aka yi amfani da zoben roba ba a buƙatar gam. Ɗaure notocin bi da bi, kaɗan-kaɗan, da ƙarfin wuyan hannu kawai. Gidan alminiyon ko na roba ba ya jure ƙarfin ƙato, tsagewa yake.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da farin ɓawo cikin lagireto. Zuba kulan da aka riga aka haɗa, ko ka haɗa mai kauri rabi da rabi da tataccen ruwa. Sa gaban mota a ɗan tudu, juya hita zuwa zafi, zuba a hankali kana matsa tiyon sama. Tayar da mota murfi a buɗe. Kumfa zai riƙa fitowa, lokacin da tamostat ya buɗe ruwa zai faɗa ƙasa, sai ka cika. Rufe murfin, ka jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Golf ba ta da murfi a lagireto, ta tankin gefe ake yin duk wannan. Washegari da safe ka sake duba ruwan.

Allurar tsohuwar mota ba abin rantsuwa ba ce, firikwensinta, wato abin da ke jiyo mata zafin inji, da wayoyinta sun tsufa. Sami na'urar auna zafi mai kama da bindiga, ta masu gyara, ba irin wadda aka riƙa auna goshi da ita lokacin korona ba. Auna jikin ƙarfen da ruwa ke fita daga inji: 85 zuwa 95 daidai ne, fanka kan tashi tsakanin 90 da 100. Tiyon ƙasa ya fi na sama sanyi idan fanka na juyi. Idan motar na da mashigar na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, za ta nuna maka digirin da kwamfuta ke gani.

Idan har yanzu tana zafi, duba murfin lagireto. Lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1, ita ce matsin da ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120, kuma da robarsa ta tsage shi ke nan. Wanke ƙurar hunturu da ƙaiƙayin da suka toshe haƙoran lagireto ta hanyar fesa ruwa daga baya zuwa gaba. Zafi a go-sulo kaɗai na nuna fanka, zafi a gudu na nuna toshewar lagireto ko famfon ruwa. Kumfar da ba ta ƙarewa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ko farin hayaƙi a salansa bayan inji ya yi zafi, wannan gasket ne, sai an sauke tof silinda an duba ko ya lanƙwashe.