Yadda ake ƙara wa injin a-kori-kura ta baje koli ƙarfi ba tare da an kashe shi ba

A Amurka, a-kori-kura ba motar ɗaukar buhuna kaɗai ba ce. Akwai masu ɗaukar tsohuwar Chevrolet C10 ta shekarun 1967 zuwa 1972, ko Silverado ta farkon shekarun 2000, su zuba mata fenti kamar amarya, su sauke ta ƙasa har ta kusa lasar kwalta, sannan su kai ta wurin nuni. Babban taronsu shi ne SEMA, wanda aka fara a Los Angeles a 1967, ya koma Las Vegas a 1977, ana kuma yin sa duk shekara wajen farkon Nuwamba. A can, fenti na jawo mutum ya tsaya, amma abin da ke riƙe shi sai an ɗaga bonet.

Injin da ya fi yawa a ƙarƙashin waɗannan bonet ɗin shi ne dangin LS na kamfanin General Motors, musamman mai silinda takwas, lita 5.3, da ake kira LM7, wanda ya shigo Silverado a 1999. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, top silinda kuma alminiyam, daga kamfani yana ba da ƙarfin doki 270 zuwa 295 gwargwadon shekara. Da shi zan yi misali, don kayansa sun fi na kowa yawa da araha a can, kuma motocinsa na shigo mana jefi-jefi cikin tokumbo. Jerin matakan dai kusan ɗaya ne ko da Tundra ce a hannunka, sai dai ginin injinta daban ne.

Kafin ka taɓa sifana, ka tuna da wani abu da masu zumuɗi ke mantawa: motar baje koli ba motar tsere ba ce. Rabin rayuwarta a silo take yi, cikin layi, cikin rana, tana rarrafe daga ƙofa zuwa inda za a ajiye ta, AC a kunne. Duk abin da za ka saka mata, ka auna shi da wannan.

Fara da duba lafiyar injin

Ba a ɗora gini a kan rubabben tushe. Ka ɗumama injin, ka cire fulogi takwas ɗin, ka auna matsin kowace silinda. Lafiyayyen 5.3 kan nuna psi 150 zuwa sama, amma abin lura shi ne tazarar da ke tsakaninsu: idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, tsaya nan. Ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin fulogin ka sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne suka ci. In bai motsa ba, sai a zargi bawul ko gaskit.

Sai matsin baƙin mai, da agogo na hannu, ba na dashbod ba. Idan ya faɗi sosai a silo bayan inji ya yi zafi, kada ka yi saurin yanke wa metal, wato matashin da karanshaf ke juyawa a kai, hukunci. A wannan injin akwai wata 'yar roba a bakin bututun da ke zuƙo mai daga kasko. In ta bushe sai famfo ya riƙa shan iska. Roba ce ta kuɗi kaɗan, amma ta sa an sauke injuna da yawa a banza.

Abubuwa biyu kuma da kowane mai Silverado ta wancan zamani ya sani. Kusoshin da ke riƙe kan salansa da top silinda suna karyewa, musamman na can baya, shi ya sa za ka ji kas-kas-kas da safe, ya ɓace in inji ya ɗumama. Na biyu, sensa biyu masu jin ƙwanƙwasar inji suna zaune ne a cikin rami ƙarƙashin manifol, ruwan wanki na taruwa a wurin su yi tsatsa. Motar da ake wankewa kullum don nuni ta fi kowa shiga wannan matsala. Ka canja su tun yanzu, ka shafa gam a gefen murfin robarsu.

Buɗe masa numfashi

Inji famfon iska ne. Yawan iskar da ya shaƙa ya fitar, yawan fetur ɗin da zai iya ƙonawa. Ta ɓangaren shiga, kada ka sa rai da yawa. Wannan filta mai kamar mazurari da ake ƙawata bonet da ita, in aka bar ta tsirara kusa da inji, iska mai zafi take sha, ƙarfi ma raguwa yake. A yi mata akwati da zai raba ta da zafin, ya buɗe ta wajen fenda. Kuma ni dai ban son filta mai shafin mai a kan injin da ke da sensar auna iska: man na bin iska ya manne a siririyar wayar sensar, birenbos, wato kwamfutar motar, ya fara karanta ƙarya. Wanda zai tuƙa motar cikin ƙurar hunturu irin tamu, busasshiyar filta mai kyau ta fi masa.

Manifol ɗin roba na asali, dogo ne, mummuna ne, babu mai musu. Amma dogayen hanyoyinsa ne ke ba motar ƙarfin ja daga ƙasa. Da yawa sun cire shi sun sa na alminiyam mai walƙiya, gajere, suka wayi gari mota ta yi nauyin tashi. Gara a goge shi a yi masa fenti, ko a rufe shi da murfi.

Ribar gaske tana wajen fita. A cire kan salansa na baƙin ƙarfe a sa dogayen bututai, kowace silinda da nata, faɗin inci 1 da kwata uku ya wadatar wa 5.3. Ka nemi masu rufin siramik: ba sa sauya launi su yi bakan gizo bayan sati biyu, kuma suna rage zafin da ke gasa wayoyin fulogi. Game da abin nan mai tace hayaƙi a cikin salansa, wanda makanikanmu ke kira indomi, a Amurka dokar tarayya ta hana cire shi daga motar da ke hawa titi, jihar Kalifoniya ma sai kayan da hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, wato CARB, ta ba lamba. Akwai masu faɗin ciki da ba sa toshe numfashi. Su ake sawa. Ban da doka ma, motar da ke warin ɗanyen fetur ba ta tara 'yan kallo.

Kamshaf, inda ake cin riba kuma inda ake yin asara

Nan ne zan daɗe, don nan ne zuciyar aikin. Kamshaf ne ke faɗa wa bawul yaushe zai buɗe, nawa zai buɗe, da tsawon lokacin da zai zauna a buɗe. Na kamfani a LM7 mai ladabi ne: bawul kan zauna a buɗe na kusan digiri 190 na juyawar karanshaf, ɗagawa kuma wajen inci 0.46. An yi shi don jan tirela da tattalin mai. Ka sa wanda ya ɗan fi shi, ka haɗa da dogayen bututan nan da saitin birenbos, ƙarin doki 50 ba abin mamaki ba ne.

Matsalar ita ce kunne. Kowa na son wannan gurnani mai tsalle-tsalle, dum-dudum-dum, wanda ke sa mutane su waiwayo. Wannan sauti na zuwa ne daga babban kam, mai digiri 225 zuwa sama, inda bawul na shiga da na fita ke daɗewa a buɗe tare. Kyan ɗan maciji ke nan. A silo injin ba ya zuƙa da ƙarfi, birki kuma da wannan zuƙar yake samun taimako, sai feda ta yi tauri. Ka kunna AC, inji ya nemi mutuwa. Na taɓa tsayawa kusa da wata da aka yi wa haka: direban ƙafar hagu a birki, ta dama tana ɗan taɓa totur don kada ta mutu, gumi na zuba a wuyansa, mota na zabura kamar doki ya ga wuta, ga mutane a gabansa taku biyu. Sautin kam ya yi daɗi, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga mota mai nauyin fiye da tan biyu, shawarata kam mai digiri 206 zuwa 218, ɗagawa wajen inci 0.55. Za a ji shi, kuma za a iya zama da shi.

Kam ba ya tafiya shi kaɗai. Sifirin ɗin bawul na asali ba za su jure wannan ɗagawa ba, dole a canja su da waɗanda kamfanin da ya ƙera kam ɗin ya ambata. A auna tsawon sandunan da ke tura roka, kada a ɗauka na da za su yi. Tunda gaban inji a buɗe yake, a sa sabuwar sarƙar taimin da sabon famfon baƙin mai. Babbar kusar da ke riƙe fulin karanshaf kuwa sau ɗaya ake ɗaure ta, tana miƙewa ne in an matse. A sayi sabuwa.

Wata dabara da ta sa ake son LS: ana iya zare kam ba tare da an sauke top silinda ba. Bayan an cire roka da sanduna, sai a juya kam ɗin da hannu sau da yawa, liftoci, wato 'yan ƙarafan da ke zaune a kan kam suna tura sandunan, su hau sama su maƙale a gidajensu na roba. Sannan a zura dogayen sanduna biyu masu kaurin inci 5/16 ta ramukan mai da ke gaban inji, su tokare su. Kada ka yi ganganci ka tsallake sandunan nan. Lifta ɗaya ta faɗa kasko, aikin yini ya koma na sati.

In motarka ta 2007 ce zuwa sama, akwai ƙarin aiki. Yawancinsu na da tsarin AFM mai kashe silinda huɗu don rage shan mai, liftocinsa kuma sun yi suna wajen maƙalewa. Ba a haɗa su da sabon kam. Sai an sauke top silinda an canja su duka, a kashe tsarin a birenbos.

Saitin birenbos

Duk abin da ka yi a baya, birenbos bai san da shi ba, yana nan yana ba da fetur da wuta irin na tsohon inji. Da manhaja irin su HP Tuners ake shiga a gyara silo, taimin, da ma'aunin iska da fetur. A tafiyar yau da kullum ana neman kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. In aka take totur har ƙasa, a sauko wajen 12.5 zuwa 13. Ba a yin wannan da ka ko da kunne, sai da sensa mai faɗin karatu da ke auna wannan ma'auni a cikin salansa.

Ga inda mai irin wannan mota a Kano ko Abuja zai buɗe ido. Yawancin saitin da ake aikowa ta intanet an yi su ne don fetur mai lamba 93 na Amurka, wanda a ma'aunin RON da ake amfani da shi a wajenmu ya kai kusan 98. Ba shi muke sha a gidan mai ba. Ka ɗora wannan saiti a kan fetur ɗinmu, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, inji zai riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya ɓare. Ka ce wa mai saitin ya yi maka na 87, ya ja taimin baya. Doki goman da za ka rasa ba za ka ji su ba.

Giyabos da lagireto

Giya mai canja kanta da ke bayan 5.3, wato 4L60E, ita ce mai rauni a gidan. Kulocin giya ta uku da ta huɗu ne ke fara ƙonewa. A ƙara mata na'urar sanyaya mai ta daban a gaban lagireto. In kam ya haura digiri 218 ɗin nan, sai an canja kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos, zuwa mai sakin inji ya kai juyi 2,600 ko 3,000 kafin ya kama, in ba haka ba mota za ta riƙa tura kanta a tsaye.

Lagireto a sa babba na alminiyam, da fanka biyu na lantarki da birenbos ke kunnawa. Kuma don Allah a bar tamostat a wurinsa. Na san al'adar garejinmu ce a cire shi a jona fanka kai tsaye, amma wannan injin an tsara shi ne tamostat ya buɗe a digiri 86, kuma da zafin ruwa birenbos ke lissafin fetur. Ka cire, ya daɗe yana zaton inji bai ɗumama ba, ya yi ta ambaliyar mai.

Turbo, ga wanda bai ƙoshi ba

Iskar da muke shaƙa matsinta psi 14.7 ne a bakin teku, don haka turbo mai tura psi 7 ya ƙara wa inji kusan rabin abin da yake shaƙa. Gangar baƙin ƙarfen LM7 na ɗauka. Abin da ke kashe shi ringi ne: zafi ya ƙaru, ringi ya kumbura, bakinsa biyu su haɗu, ya fasa kan fistin. Shi ya sa ake zare fistin a goge bakin ringin sama har tazarar ta kai inci 0.024 zuwa 0.028. Sai manyan nozul, famfon fetur mai riƙe psi 58 ba ya saki, fulogi masu sanyi, na'urar sanyaya iskar turbo, da giyabos 4L80E na manyan 'yan uwanta masu lita 6.0. Birki ma a ƙara masa girma. Kuɗin waɗannan ya fi na turbon kansa nesa ba kusa ba.

Kwalliyar ƙarƙashin bonet

Wannan ce ta ƙarshe, bayan motar ta yi 'yan ɗaruruwan kilomita ba ta ɗiga komai ba. Kwayil takwas da ke zaune a kan murfin bawul a mayar da su gefe ko a ɓoye su, wayoyi a bi da su ta bayan fenda cikin riga mai jure zafi, nesa da bututan salansa. Kowace wayar as, wato mai mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota, da ka kwance ka mayar da ita kan ƙarfe tsirara. Sabon fenti ba ya wuce wuta, kuma hakan na iya sa fitilun gargaɗi su kama ranar nuni. Ana gobe za a fita, ka ajiye ta a rana, ka kunna AC, ka bar ta a silo minti talatin kana kallon allurar zafi, sannan ka kashe ka shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta ya kwana.