Birni ko Daura? Kurakuran da na gaji da gani wurin masu kawo mana ziyara

Da Sallah ta matso, ko hutun ƙarshen shekara, wayata ba ta hutawa. Abokan karatu, 'ya'yan 'yan uwa da ke Abuja da Kaduna, har da waɗanda ban san su ba sai dai wani ya ba su lambata, duk tambayarsu ɗaya ce: "Za mu shigo, mu sauka birnin Katsina ne ko mu wuce Daura?" Ni haifaffen cikin ganuwar Katsina ne, kuma na yi zirga-zirgar Daura fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na amsa tambayar nan har bakina ya gaji, amma shekara na zagayowa sai in ga sababbi sun afka ramin da na baya suka afka. Gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya tambaya in miƙa masa.

Babban kuskuren, wanda ya fi ci mini rai, shi ne mayar da Daura wurin leƙe. Mutum ya dubi taswira a wayarsa, ya ga garin bai kai Kano ko Katsina girma ba, sai ya yanke cewa awa biyu ta ishe shi: ya sha ruwan rijiyar Kusugu, ya ɗauki hoto a ƙofar fada, ya juya. Na san wannan lissafi domin ni ma na taɓa yin sa, kuma har yau ban daina nadama ba.

Lokacin ina aiki a Kano. Wani dattijo da ya koyar da ni tarihi a sakandare ya zo ganin likita, ya sauka gidana. Da aka sallame shi sai ya ce mini, "Ɗana, shekara talatin ina faɗa wa yara labarin Bayajidda da Daurama, amma idona bai taɓa ganin rijiyar nan ba." Na ce, "Malam, ai wannan mai sauƙi ne." Don in burge shi sai na haɗa masa garuruwa biyu a wuni ɗaya: mu tashi daga Kano mu bi ta Kazaure zuwa Daura, daga can mu ratsa Mashi mu shiga Katsina ya ga hasumiyar Gobarau, sannan mu kwana Kano. Kusan kilomita 400 ke nan, da tsoho marar cikakkiyar lafiya, cikin zafin bazara, kuma ranar Juma'a. Ban yi tunanin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ba mu bar Kano ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Muna isa Daura gari ya riga ya karkata zuwa masallaci, masu shaguna na rufewa, wanda zai yi mana jagora ya tafi shirin salla. Muka yi Juma'a, muka jira. Da aka kai mu rijiyar, wani dattijo ya zura guga ya jawo ruwa mai sanyi, Malam ya tara hannu biyu ya sha, ya shafa saura a fuska har ya jiƙa gemunsa. Ya samu wuri ya zauna, ya fara tambayar dattijon yadda mutanen gari ke ba da labarin macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Hira ta fara daɗi ke nan, ni kuwa ina tsaye a kansu ina duban agogo. "Malam, mu tashi, kada dare ya yi mana." Ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba, ya miƙe. Ko minti ashirin bai yi ba a wurin da ya yi shekara talatin yana bege. Muka isa Katsina ana kiran magariba, hasumiyar Gobarau sai inuwarta muka gani. Na yi masa alkawarin za mu dawo mu kwana biyu. Kafin shekara ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma ita nake ɗora wa duk wanda ya nemi shawarata: in kwanakinka ba su kai uku ba, zaɓi gari ɗaya ka haƙura da ɗayan. In kuwa Daura ka zaɓa, kwana a can. Abin da ke cikin ƙaramin gari mai tarihi ba a gini yake ba, a bakin mutane yake, kuma dattijo ba ya buɗe baki ga wanda ke tsaye da makullin mota a hannu. Ba banza ake mata kirari da Daura ta Abdu tushen Hausa ba. A nan labarin Hausa Bakwai ya faro, daga Bawo zuwa 'ya'yansa da aka ce sun sarauci Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, ga Biram ta cika bakwai. Irin wannan magana a kan tabarma ake jin ta bayan la'asar, da ƙwaryar fura a tsakani. Ni yanzu ranar Juma'a ba na shirya wa baƙo komai kafin a sauko daga masallaci. Wasu na ce mini na cika tsanani, ai motoci sun yi kyau, hanya ta gyaru. Su suka sani. Ni na ga abin da sauri ya haifar.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: a tafi ƙaramin gari da lissafin babban birni. Wanda ya saba da Kano ko Abuja ya ɗauka ko'ina ya je otal na jiransa, ya zura kati ya ciri kuɗi, ya taɓa waya abinci ya zo. A ranakun da ba kowa, Daura na da masaukai da za su ishi baƙo. Amma ranakun da kowa ke son zuwa, wato hawan Sallah da Sallar Gani a watan Mauludi, garin cika yake maƙil. 'Yan asalin garin da ke nesa sun dawo, hakimai sun shigo da jama'arsu da dawakansu, ga baƙi daga ƙetaren iyaka, don Jamhuriyar Nijar nan kusa take, ta Kwangwalam.

Wata shekara da Gani ta faɗo cikin hunturu na kwashi maiɗakina da yara biyu muka tafi. Na yi waya da wani masauki tun da saura mako guda, na tura kafin alƙalami, hankalina kwance. Muka isa bayan isha'i, yaron da ke kan tebur ya ce ɗakin an ba wani. Na nuna masa shaidar biya, ya ce maigidan ba ya nan, in dawo da safe a mayar mini da kuɗina. Da safe! Ga sanyi na shiga ƙashi, ƙaramar 'yata na tari a bayan uwarta. Muka zaga masauki huɗu, ko'ina a cike. Na tsaya wurin mai POS in ciri kuɗi ko zan samu na ƙara wa wani ya sakar mini ɗaki, sabis ya ɗauke. Aljihuna ba abin da ya wuce kuɗin mai. Wani malamin allo da ya gan mu tsaye kusa da wutar almajiransa shi ya tako ya yi sallama. "Bayin Allah, lafiya da iyali a waje yanzu?" Da na faɗa masa, ko sunana bai tambaya ba, ya aika yaro cikin gida, matarsa ta fito da mayafi ta ja maiɗakina da yara ciki, ni kuma ya shimfiɗa mini buzu a zaure ya kawo bargo. Yarinyar ta yi sati biyu tana jinyar ƙirji bayan mun dawo, kuma laifina ne.

Don haka ku ji da kyau, musamman ku matasa da kuke ganin waya ta gama muku komai. A ƙaramin gari mutum ake nema kafin ɗaki. Kafin ka tashi, samo ɗan gari ko da abokin abokinka ne, ya taka da ƙafarsa ya ga ɗakin, ya karɓi makulli ya riƙe. Ka riƙe tsabar kuɗi da za su ishe ka kwana biyu, har da canji, don mai fura da ɗan acaɓa ba ruwansu da tiransifa in sabis ya ƙi. Kuma ka shiga gari da rana tsaka. Baƙo ko da ido makaho ne, balle a ce dare ya rufa. Ni ba na zuwa hannu rabbana: goro, dabino, ɗan turare, sabulu na cikin gida. Malamin nan har yau zaurensa ne masaukina.

Sai kuma waɗanda suka zaɓi birni suka zo suka tafi ba su gan shi ba. Waɗannan su ke ba ni haushi na daban. Mutum ya sauka filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua, mota ta ɗauke shi zuwa otal a bayan gari, ya kwana uku tsakanin ɗaki mai sanyi da gidan cin abinci, ya koma yana cewa Katsina ba abin gani, tarihi sai Daura. Haba! Wane ne ya ce maka girman gari na cinye tarihinsa? Ka shiga cikin birni? Ka tsaya gindin Gobarau, hasumiyar ƙasa mai tsawon kimanin ƙafa 50, da ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, sama da shekara 500 ke nan? Ka je Ƙofar Soro ka ga Gidan Korau? Ka ziyarci kushewar Waliyyi Ɗan Marina, wanda da sunansa ake yi wa garin kirari, ɗakin kara tudu garin Ɗan Marina? Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasar na nan an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ni in baƙo ya zo, motarsa nake sa ya ajiye, mu hau keke napep mu bi ƙofofi: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka. Ganuwar ta zaizaye a wurare da yawa, wani wurin gidaje sun hau kanta, abin da ke sosa mini rai duk sanda na wuce. Amma wanda ya bi ƙofofin zai gane faɗin birnin da magabata suka kewaye da hannunsu.

Gaskiyar magana, in kana tare da tsoho, ko mai ciwon da ke buƙatar likita kusa, ko jariri, birni ya kamata ka sauka. Manyan asibitoci na nan, masaukai sun fi yawa, kuma Daura kusan kilomita 80 ce kawai, ka tafi da sassafe ka ba ta wuni cikakke. Wannan kaɗai ne uzurin da nake karɓa na rashin kwana a can.

Akwai wata ɗabi'a da ta zo da wayoyin nan wadda dole in yi faɗa a kanta. Saurayi ya shigo ƙofar fada da gajeren wando, ba sallama ba gaisuwa, ya ɗaga waya a fuskar dogari yana ɗaukar bidiyo. Fada ba kasuwa ba ce. Gidan sarki ne mai rai, mutane na kawo ƙara, ana zaman fadanci. Ka sa sutura ta mutunci, ka cire takalmi inda ka ga an cire, ka rusuna ka gaida manya, ka nemi izini kafin hoto, musamman na mata. Na kuma ga ɗan jami'a ya tsaya bakin Kusugu yana gardama da sa'an kakansa wai labarin maciji tatsuniya ce. Masana sun daɗe suna tattauna asalin labarin Bayajidda, kuma wannan muhawara na da wurinta a aji. Amma wanda ya zo garin mutane ya zo saurare ne. In ka gama ji, ka sa hannu a aljihu ka yi wa dattijon alheri, lokacinsa ya ba ka.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Kada ka zo a watan Afrilu da niyyar yawon ƙafa da tsakar rana. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi, ka riƙo rigar sanyi da man shafawa. Kada ka yanki tikitin jirgi daidai ranar da kalanda ta ce Sallah, ganin wata ke yanke hukunci, bar tazarar kwana ɗaya gaba da baya. Cika tankinka tun daga birni. Kada ka yi tafiyar dare, kuma kowace hanya za ka bi, tambayi direbobin tasha halin da take ciki a ranar, ba labarin bara ba. Kada kusancin iyaka ya ruɗe ka ka ce bari ka leƙa Nijar ba takarda. Durɓi ta Kusheyi, tsofaffin kaburburan sarakuna da ke ƙasar Mani, ta cancanci ziyara, amma ba wurin da baƙo zai nufa shi kaɗai ba ne, nemi ɗan yankin ya raka ka.

In ka tashi barin Daura kuma, sayi furarka da safe, a ƙulla maka ita daban nono daban, kada a dama. Damammiya ba ta kai ka Kano cikin zafin mota ba ta yi tsami ba.