Yadda za ka horar da yaron kemis ya iya cewa babu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da kemis a unguwar Mabera, a Sakkwato. Abin da na lura da shi, yawancin ƙwayar da ke faɗawa hannun matasa tana fita ne lokacin da mai shago ya tafi masallaci ko cin abinci, ya bar yaro a kan kanta.

Dabarar da nake bi aro na yi daga nesa. A ƙasar Suwidin, tun 1955 kamfanin gwamnati mai suna Systembolaget ne kaɗai ke sayar da barasa mai ƙarfi a shago. Ba sa sayar wa wanda bai kai shekara 20 ba, kuma duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba sai ya fito da katin shaida. Har matasa suke turawa a ɓoye su yi kamar masu saye, don a ga ko ma'aikaci zai nemi katin. Mu a Sakkwato shari'a ta hana giya tun 2000, alhamdu lillahi, sai dai maye ya sake riga ya biyo ta ƙofar kemis.

Fara da kanka. Sabunta lasisinka na PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, ka rataye shi inda kowa zai gani. Kemis irin namu ba shi da izinin sayar da maganin da sai da takardar likita. Maganin tari mai kodin an hana shi tun 2018, tiramadol mai ƙarfin miligiram 225 kuwa kayan da NDLEA ke kamawa ne. Abin da babu shi a shagonka, yaro ba zai sayar ba.

Sai ka koya masa magana guda, ya haddace ta kamar karatun allo: "Yi haƙuri, Malam, maigida ba ya ajiye wannan." Kada ya yi wa'azi, kada ya yi gardama, ya ɗora laifin a kanka. Yaro ɗan shekara ashirin ba zai iya ja da 'yan unguwarsu ba, amma zai iya fakewa da maigidansa.

Kada ka haɗa albashinsa da yawan ciniki. Na taɓa yin wannan kuskuren, yaron kuwa ya fara sayo ƙwaya da kuɗinsa yana ɓoyewa bayan kwalin auduga. Ranar da na gano, na kasa cin tuwon dare, don cikin masu sayen har da ɗan maƙwabcina.

Daga nan sai gwaji. Duk bayan wata biyu nakan turo wani ɗan uwana da yaron bai sani ba, bayan sallar magariba, da kuɗi a hannu, ya nemi ƙwaya, ya nace ya ce zai ƙara kuɗi. In yaron ya ce babu, washegari nakan faɗa masa ni na turo, in ƙara masa wani abu a kan kuɗin abincinsa. In ya sayar, mu zauna da mahaifinsa kafin ya sake taɓa makullin shago.