Yadda za ka riƙe hankalin jama'a in kana jawabi a babban taro

Ƴan uwa sun yi ta tambayata a kan wannan, musamman matasanmu masu gabatar da jawabi a Palais des Congrès ko zauren Mahatma Gandhi nan Yamai, to ga shi.

1. Ka zo da wuri ka gwada mikro, wani ya zauna can layin baya ya gaya maka ko yana jin ka.
2. Ka gajarta gaisuwar manyan baƙi.
3. Faɗa musu tun farko batutuwa nawa za ka taɓa, kada su wuce 3.
4. Rubutun allo ya zama manya-manya, layi kaɗan.

Hattara, nan ne mutane ke faɗuwa, sai ka ga mutum ya juya wa jama'a baya yana karanta allo, wallahi kafin minti 5 kowa ya koma kan wayarsa.

5. Ka dinga duban dama, hagu da baya.
6. In da mai fassara zuwa Zabarmanci ko Faransanci, tsaya bayan kowace jimla ka ba shi dama.
7. Maimaita tambayar da aka yi maka kafin ka amsa, na baya ba su ji ba.
8. Riƙe ƴar takarda a hannu ko da wuta za ta ɗauke.