Ga masu shirin zuwa Farasan a hutun nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk mai son ya rataya jaka ya ga namun daji ba tare da ya bar Saudiyya ba, ya nufi tsibiran Farasan da ke Bahar Maliya. Daga tashar Jizan jirgin ruwa yake tashi, kuma kyauta ne. Amma ku yi rajistar kujera da wuri, don lokacin hutu cika yake yi, ku kuma riƙe iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ko fasfo a hannu.

Barewar Farasan matsoraciya ce ƙwarai. Bayan sallar asuba ko dab da magariba ake ganinta. Da rana ta ɗaga sai ta shige inuwa, ku yi ta gararamba a banza. Wurin na ƙarƙashin kariyar hukuma, saboda haka ku tambayi inda aka yarda a kafa tanti, kada ku kunna wuta barkatai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sauran watanni gumi kawai za ku sha.

Ruwan sha kuwa, ku ninka abin da kuke zato zai ishe ku.

In kun biyo ta garin Abha a hanyarku ta zuwa Jizan, ku rufe gilashin mota. Birran hanyar nan ba su da kunya, har leda suke fizgewa, kuma an hana ba su abinci.