Yadda na samu sahihin ƙiyasin kuɗin kwasar kaya kafin mu tashi

Masu kwasar kaya uku na kira, kowa ya faɗi nasa kuɗin, na ƙarshe har ya kusa ninka na farko, alhali sabon gidan bai fi kilomita 8 ba. Na zaci tsada ce kawai, na yi ta ciniki a waya. Na tura hotunan ɗakuna ma, ba ta canja zani ba, don hoto ba ya nuna abin da ke cikin kabad da ƙarƙashin gado.

Ashe kowa hasashe yake yi.

Sai na ɗauki tef na bi ɗaki-ɗaki, na auna tsawo da faɗi da tsayin kowane babban kaya: gado, kujeru, firji, kabad. Ƙananan kaya na haɗa a kwalaye, suka tashi 34. Na rubuta cewa tsohon gidan a hawa na 2 yake, matakalar ƙunci ce da ita, kuma mota ba ta isa ƙofa sai an yi dakon mita 30. Wannan tazarar ita ce ta fi cin lokaci, kuma ba wanda na taɓa gaya wa.

Takarda ɗaya na ba su duka, na ce a zo a gani da ido, sannan a rubuta min daki-daki: girman mota, sawu nawa, ma'aikata nawa, kwance gado da ɗaurawa, kuɗin jira, kuma a jimlace ne ko awa-awa.

Farashin ukun suka matso kusa da juna. Na zaɓi na jimla, ranar tashi abin da aka rubuta na biya. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.