Kurakuran da ake yi wajen yi wa kwamfuta fomat don komawa tsohon Windows

Kwamfuta ta yi nauyi, ko kuma an ɗora mata Windows 11 sai tsohuwar firinta ko manhajar lissafin shago ta ƙi aiki. Mai ita ya gaji, ya ce a goge komai a mayar masa da Windows 10, wani ma Windows 7 yake so don da shi ya saba. Gogewar kanta ba ta cin minti biyar. Yawancin ɓarnar da ake kai wa masu gyara ta samo asali ne daga abin da ba a yi ba kafin a danna maɓallin gogewa, kuma a nan ne garin gyaran gira ake rasa ido.

Da farko, wani lokaci babu ma bukatar gogewar. Idan ba a yi kwana 10 da ɗaga kwamfutar daga Windows 10 zuwa 11 ba, tsohon yana nan a ajiye cikin foldar Windows.old. Ka shiga Settings, sai System, sai Recovery, ka danna Go back, za ta koma yadda take da fayilolinka. Mutane kan ga foldar ta cinye wuri su share ta, daga nan kuwa wannan ƙofa ta rufe.

Kuskuren da ya fi jawo kuka shi ne kwafar fayiloli rabi-rabi. Mutum ya kwashe Desktop da Documents ya ce ya gama, ya manta da Downloads, alhali can ne takardun makaranta, rasit da fom ɗin neman aiki suke taruwa. Ya manta kalmomin sirrin da burauza ta riƙe masa shekara da shekaru har shi kansa bai san su ba. Mai shago ya manta cewa manhajar lissafi irin QuickBooks tana ajiye bayanan ciniki a nata fayil, kuma sake ɗora manhajar ba zai dawo da sunayen waɗanda ake bi bashi ba. Akwai wanda zai kwafi gumakan da ke kan Desktop yana zaton fayilolin ne, alhali alamu ne kawai masu nuna inda fayil yake. Haka mai amfani da OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet: fayil ɗin da ke da hoton gajimare a gefensa ba ya cikin kwamfutar, yana intanet, saboda haka a tabbatar an san imel da kalmar sirrin asusun.

Sai inda ake ajiye kwafin. Da yawa suna kwashe kaya daga C zuwa D su saki jiki. A yawancin laftof, C da D ɓangarori biyu ne na faifan ajiya guda ɗaya, wato had dis ɗin da ake shirin gogewa. Umarni ɗaya zai tafi da su duka. Kwafi ya kasance a faifan waje ko filashi, sannan a jona shi a wata kwamfutar a buɗe hotuna da takardu kaɗan a ga sun buɗe. Wannan gwajin na minti goma ne, kuma ni ban yarda a fara fomat ba sai an yi shi. Idan akwai BitLocker a kwamfutar, wato tsarin kulle faifai na Windows, wanda sababbin laftof da yawa ke zuwa da shi a kunne ba tare da mai ita ya sani ba, a nemo mabuɗinsa mai lamba 48 a asusun Microsoft a rubuta a takarda. Faifan da ya kulle ba tare da wannan lamba ba, babu injiniyan da zai buɗe shi.

Da an shiga allon ɗora Windows, ba za ka ga C ko D ba, sai Drive 0 da Drive 1 da girman kowanne. A nan ake goge faifan da aka ajiye kwafin a kansa. Maganin mai sauƙi ne: cire duk wani faifan waje, a bar filashin da ke ɗauke da Windows kaɗai, a kuma duba girman faifai sau biyu. In kuskuren ya riga ya faru, a kashe kwamfutar nan take, kada a ɗora komai a kai. Manhajoji irin TestDisk, PhotoRec da Recuva suna iya dawo da fayiloli daga tsohon faifai mai juyawa matuƙar ba a rubuta sabon abu a kansu ba. A kan SSD kam, wato sabon nau'in faifai da ba ya juyawa, fatan ya yi ƙaranci, domin shi yana share gurbin abin da aka goge da kansa.

Kuskure na gaba ya fi shafar masu son Windows 7: gogewa kafin a bincika ko na'urar za ta karɓe shi. Windows 7 ya fito a 2009, bai san USB 3.0 ba, bai san faifan NVMe (wani nau'in SSD na zamani) ba. A sabuwar kwamfuta sai ka ga an kai allon zaɓen harshe, kibod da maus sun daina motsi, ko ya ce yana neman direba (ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da wani sashe na kwamfuta) da babu shi. Microsoft ba ta tallafa wa Windows 7 a kan furosesan Intel ƙarni na 7 zuwa sama ko AMD Ryzen. Tsofaffin laftof na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin HP EliteBook, Dell Latitude da ThinkPad masu Intel ƙarni na 2 zuwa na 4, suna karɓarsa lafiya. Hanyar sani ita ce a shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a rubuta lambar samfurinta, a ga ko akwai direbobin Windows ɗin da ake so. In babu, a haƙura.

In akwai, a sauke direban Wi-Fi da na wayar intanet a sa a filashi tun kafin gogewa. Ba ƙaramin takaici ba ne a gama ɗora Windows a tarar babu intanet, kuma direban da zai kawo intanet ɗin sai da intanet ake samunsa. Ko Windows 10 yana da irin tasa matsalar a laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama: wurin zaɓen faifai ya fito wayam, mutum ya ɗauka had dis ya mutu har ya je sayen sabo. Lafiyarsa ƙalau. Direban Intel RST ake loda masa daga filashi, ko a kashe zaɓin da ake kira VMD a cikin BIOS, wato allon saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi.

Akwai kuma saƙon da ke cewa ba za a iya ɗora Windows a wannan faifai ba saboda tsarinsa GPT ne (GPT da MBR su ne hanyoyi biyu na tsara ɓangarorin faifai). Abin da ya faru shi ne an tayar da filashin ta tsohuwar hanya, Legacy, alhali faifan an tsara shi don sabuwar hanya, UEFI. Dole su dace: UEFI da GPT, Legacy da MBR. Don Windows 10, a bar faifan a GPT, a sake haɗa filashin da Rufus, manhajar da ake sa Windows a filashi da ita, a zaɓi GPT, shi ke nan. Don Windows 7, ya fi sauƙi a shiga BIOS a kashe Secure Boot a kunna Legacy, a mayar da faifan MBR. Don yin haka, masu gyara kan danna Shift da F10 a allon ɗora Windows, su shiga diskpart, manhajar sarrafa faifai, su rubuta clean. A sani cewa clean ba ya tambaya ko ka tabbata, kuma yana tafiya da dukkan ɓangarorin faifan, har da wanda kamfani ya ɓoye don farfaɗo da kwamfutar. MBR kuma ba ya amfani da abin da ya haura 2TB.

Batun lasisi ma ana tuntuɓe a kai. Lasisin Windows 11 yana kunna Windows 10 a kwamfuta ɗaya, amma sai nau'in ya zama iri ɗaya: mai Home ya ɗora Home, mai Pro ya ɗora Pro. Ba ya kunna Windows 7, wanda mabuɗinsa ke kan sitika a ƙasan laftof ɗin da ta zo da shi ko a ƙarƙashin batir. Rashin lasisi ne ke tura mutane ga Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima ya sa a intanet, da manhajojin kunnawa na sata da ke cewa ka fara kashe rigakafin bairos. Wanda ya ce ka kashe mai gadi kafin ya shigo, ai ka san da abin da ya zo. A samo Windows daga Microsoft kai tsaye, filashi mai 8GB ya isa. A zaɓi mai 64-bit idan RAM ya kai 4GB, domin mai 32-bit ba ya ganin abin da ya wuce haka. A kuma cika batir ko a jona UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, don ɗauke wuta a tsakiyar aikin na nufin sake farawa daga tushe.

Abin da ya fi damuna shi ne ganin an ɗora Windows 7 an shiga banki da imel da shi. Microsoft ta daina toshe masa kafofin tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Chrome kuma ya tsaya masa a sigar 109 a farkon 2023. Harin WannaCry na Mayun 2017, wanda ya kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama yana neman kuɗin fansa, kwamfutoci masu Windows 7 da ba a sabunta ba ya fi kamawa, kuma a lokacin ma ana fitar masa da gyara. Windows 10 shi ma tallafinsa ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya yi rajistar shirin ESU na ƙarin gyaran tsaro, wanda a 2025 ya ba masu kwamfutar gida ƙarin shekara guda. Idan wata tsohuwar na'ura ce ta tilasta maka Windows 7, kamar injin yanka sitika ko tsohuwar sikana, to a ware mata kwamfutar, kada ta hau intanet, kuma a kula da filashin da ake soka mata.

In kuwa nauyi ne kawai dalilin komawa baya, a fara duba faifan. Laftof mai tsohon had dis mai juyawa da RAM 4GB za ta yi jan ƙafa da kowane Windows na zamani. Sauya shi da SSD da ƙara RAM zuwa 8GB yakan kawo saurin da fomat ba zai kawo ba, kuma tsohon faifan da aka cire sai a sa shi a akwatin USB ya zama wurin ajiyar kwafi. Kwamfutar da Windows 11 ya ƙi, wadda aikinta bai wuce rubutu da shiga intanet ba, Linux Mint, wani tsari da ake ɗorawa a madadin Windows, zai tafi da ita, kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta shi.